Gado daga uba biyu a JavaScript: abin da ƙa'ida ta hana da abin da ta bari

Wata magana tana yawo tsakanin ɗaliban da ke koyon rubuta manhaja a nan Maraɗi, musamman waɗanda suka fara da Python, wai tun da aka shigo da class, wato tsarin da ake ƙera abubuwa iri ɗaya daga gare shi, cikin harshen rubuta manhaja na JavaScript a 2015 abu ɗaya yana iya gadon abubuwa biyu ko uku kai tsaye. Ba haka ba ne. Kundin ECMA-262, wanda shi ne dokar harshen, bai ba kowane abu fiye da uba ɗaya ba, wato abin da yake gadon sifofi daga gare shi, kuma hukuncin ya hau kan jeri da aiki da duk abin da class ta haifa. Idan aka nemi wata sifa a jikin abu aka rasa, sai a tambayi ubansa, sannan kakansa, har silsilar ta ƙare, wanda kuwa ya nemi mayar da silsilar zobe zai gamu da saƙon kuskure mai suna TypeError nan take.

Ruɗanin daga Object.assign yake fitowa, wato aikin da ke zuba sifofin wasu abubuwa cikin wani abu. A ɗauka ana rubuta manhajar wani ɗan kasuwa mai motar kai kaya Jibiya, akwai abu mai suna shago da wani mai suna mota, kowannensu da aikin da ake kira lissafi. Idan aka zuba su biyun cikin sabon abu, gado bai auku ba, kwafi ne aka yi. Lissafin wanda aka ambata daga ƙarshe zai danne na farko ba tare da wani gargaɗi ba, ta yadda mai shago zai nemi ribar shinkafa a ba shi kuɗin mai. Idan an sauya lissafin mota daga baya, kwafin ba zai sani ba. Ayyukan da aka rubuta cikin class ma Object.assign ba ya ɗaukar su ko kaɗan.

Harshen Self, wanda David Ungar da Randall Smith suka gabatar a 1987, kuma daga gare shi Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiro JavaScript, ya aro tsarin gado daga uba a 1995, ya yarda da iyaye da yawa, amma idan biyu suka zo da suna ɗaya sai ya tsaya ya ce akwai kuskure. A ganina taƙaita uba zuwa ɗaya adalci ne ga wanda zai karanta manhajar bayan shekara, sai dai dannewar da ake yi shiru tana cutar sabon ɗalibi. Mai bukatar halayen abubuwa biyu ya jera su cikin silsila ɗaya, ko kuma ya ajiye shago da mota a matsayin sifofi biyu, ya kira lissafin kowanne da sunansa.