'Yan Koriya a manyan biranen Kaliforniya: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa da an ambaci 'yan Koriya a Amurka sai a fara da Kaliforniya?

Don nan suka fi yawa. Cikin 'yan asalin Koriya kusan miliyan 2 da ke Amurka, sama da rabin miliyan a wannan jiha suke, mafi yawansu a Los Angeles da garuruwan da ke kewaye da ita.

Yaushe suka fara zuwa?

Ayarin farko, mutum 102, ya sauka Honolulu ranar 13 ga Janairun 1903. Aikin gonakin rake aka ɗauko su a Hawaii. Daga can wasu suka tsallako Kaliforniya, suka shiga tsinkar 'ya'yan itace a Riverside da Reedley da Dinuba. Da Japan ta haɗiye Koriya a 1910, San Francisco ta zama matattarar masu fafutukar ƙwato ƙasarsu, kuma a can Ahn Chang-ho ya kafa ƙungiyar Hungsadan a 1913. Daga 'ya'yan wannan zamani aka samu Sammy Lee, haifaffen Fresno, wanda ya ci wa Amurka zinare a wasan tsunduma ruwa a gasar Olamfik ta 1948 da ta 1952.

Duk da haka a lokacin ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Sai da Amurka ta sauya dokar shige da fice a 1965, ta daina tauye 'yan Asiya, sannan ƙofa ta buɗe sosai.

To me ya kai masu digiri ga tsaron kanti?

Da yawa cikin waɗanda suka zo a shekarun 1970 da 1980 masu ilimi ne, amma Turanci ya yi musu ƙaranci, kuma takardun shaidar da suka zo da su ba su buɗe musu ƙofar aiki ba. Sai suka koma ga abin da hannu zai iya: kantin kayan masarufi, shagon sayar da giya, wanki da guga, ɗinki da sarin tufafi. Miji na kan akwatin kuɗi, mata na jera kaya, yara su taya bayan makaranta, tun asuba har tsakar dare. Wasu sun haɗa jari ta hanyar "kye", wato adashi irin namu sak. Kamfanin tufafi na Forever 21 ma da ƙaramin shago ɗaya wasu ma'aurata 'yan Koriya suka fara shi a Los Angeles a 1984.

Coci kuwa ita ce zauren baƙo. Can sabon zuwa ke jin inda ake ba da hayar ɗaki da wanda ke neman yaron shago, can kuma yara ke koyon harshen iyayensu.

Me ya faru a 1992 da har yau ba su daina maganarsa ba?

Ranar 29 ga Afrilu aka wanke 'yan sanda huɗu da aka gani a bidiyo suna lakaɗa wa wani baƙar fata, Rodney King, duka. Birnin Los Angeles ya kama da wuta. Dama akwai jiƙaƙƙiya tsakanin 'yan kasuwar Koriya da baƙaƙen fata na kudancin birnin, musamman tun da wata mai kanti, Soon Ja Du, ta harbe Latasha Harlins 'yar shekara 15 a 1991 kan rigimar kwalbar lemo, kotu kuma ta same ta da laifi amma ta sallame ta ba tare da ɗauri ba. Wannan hukunci ya yi sauƙi fiye da kima, kuma ya bar ciwo.

Aka ƙone ko aka wawashe shagunan 'yan Koriya sama da 2,000, asarar ta kai wajen dala miliyan 400. Masu shaguna sun yi ta kiran 'yan sanda shiru kake ji, har wasu suka hau rufin kantunansu da bindigogi, gidan Radio Korea kuma ya zama wurin da ake sanar da inda wuta ta tashi. A ganina abin da ya fi ƙona musu rai shi ne gane cewa duk dukiyar da suka tara ba su da mai magana da yawunsu a majalisar birni. A shekarar ne aka zaɓi Jay Kim ya zama ɗan asalin Koriya na farko a majalisar dokokin Amurka, amma kujerar majalisar birnin Los Angeles sai a 2015 David Ryu ya samo ta.

Unguwar Koreatown da ke Los Angeles ta 'yan Koriya ce zalla?

Ko kusa. Allunan shaguna a titunan Olympic da Wilshire da rubutun Koriya suke, bankuna irin su Hanmi da gidajen gashin nama ma nasu ne, amma mazauna unguwar mafi yawa 'yan asalin Latin Amurka ne. Wanda ya samu wadata yakan koma bayan gari, ya bar shagonsa a nan.

Ina suke komawa, kuma yaya sauran biranen?

Gundumar Orange ce ta fi jan su: Fullerton, Buena Park, Irvine da Garden Grove, saboda makarantu da gidaje masu fili. Daga yankin ne Young Kim da Michelle Steel suka ci zaɓen majalisar wakilai a 2020. A San Diego shagunansu na titin Convoy, a gefen San Jose kuwa suna jere a El Camino Real cikin Santa Clara, inda injiniyoyin kamfanonin kwamfuta suka fi masu kanti yawa.