Ciwon cikin da gwaji bai gani ba: tambayoyi kan lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwar yara

Wai yaro ma yana da damuwa? Shi da ba ya ciyarwa, ba ya shayarwa?

Haka manya kan ce, amma alƙaluma sun saɓa musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi fargaba, ciwon damuwa ko matsalar ɗabi'a. Binciken da Ronald Kessler ya jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 2005, ya nuna rabin irin waɗannan lalurori kan fara ne zuwa shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma zuwa 24. Magidancin da ake yi wa magani yau, sau da yawa tun yana firamare abin ya soma.

To yaya ake ganewa, tunda ba sa faɗa?

Jikinsu ke faɗa. A ɗauki yarinya 'yar shekara tara da kullum da safe, ana saka mata kayan makaranta, sai ta dafe ciki tana murƙususu. An yi gwajin jini da na bayan gida, ba a ga komai ba. Ranar hutu kuwa garau take, tana tsalle. Sai a ce ƙarya take. Ba ƙarya ba ce: tsoro na sa jiki ya saki sinadarai irin su kotisol, zuciya ta ƙara bugu, hanji ya murɗa, kuma ciwon na gaske ne. Abin da ya rage a bincika shi ne wa ke jiranta a ajin.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka. Yara masu asma, farfaɗiya, sikila ko ciwon suga sun fi takwarorinsu faɗawa ciwon damuwa, kuma idan suka faɗa, shan maganin ma kan gagara.

Masu bincike kan yi amfani da takardun tambayoyi, kamar mai tambaya 25 da Robert Goodman ya tsara a 1997, a ba iyaye, a ba malami, a ba yaron in ya tasa. Amsoshin ukun ba kasafai suke daidaita ba. Manya na saurin ganin yaro mai ƙiriniya, mai shiru-shiru kuwa sai a yaba masa da hankali alhali yana cinyewa a ciki.

Gaskiya ne wahalar yarinta na bin mutum har girma?

A nan hujja ta fi kauri. A 1998 Vincent Felitti da Robert Anda suka fara wallafa sakamakon wani bincike da ya shafi manya sama da 17,000 a Amurka. An tambaye su abin da suka gani suna yara: duka, cin zarafi, mashayi a gida, uwa da ake dukanta a gabansu. Gwargwadon yawan abin da mutum ya lissafa, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya, ciwon hanta, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai.

Sai dai akwai rauni: an dogara ne da abin da mutum ya tuna, tunawa kuwa tana da son kai. Shi ya sa na fi ba binciken Dunedin na ƙasar Niyu Zilan nauyi. Yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973 ake bi tun suna ƙanana har yau. A shekara 32, waɗanda aka muzguna wa suna yara sun fi sauran nuna alamun kumburi a jini, irin wanda ake dangantawa da ciwon zuciya.

Ke nan wanda ya sha wuya yana yaro, tasa ta ƙare?

A'a. Haɗari daban, tabbas daban, kuma da yawa sun tashi lafiya lau. A Bukares ta Romaniya an bi yara 136 na gidajen marayu. Waɗanda aka mayar hannun masu riƙo, musamman kafin shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari kaifin fahimta da shaƙuwa.

Na Jamaika ya fi burge ni. A shekarun 1980 aka riƙa ziyartar tsumburarrun yara a gida mako-mako har shekara biyu, ana koya wa uwa wasa da hira da ɗanta. Bayan shekara 20, abin da suke samu ya ɗara na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ƙarin madarar da aka ba wasu bai bar tasiri mai ɗorewa kamar wasan ba.

Ina matsayin barci da motsa jiki?

'Yan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Balaga kan jinkirta lokacin da barci ke ɗaukarsu, don haka nauyin tashi da safe ba lalaci ba ne kaɗai. Motsa jiki kuwa minti 60 ake so a kullum, amma wani nazari na 2019 a ƙasashe 146 ya samu kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa.

Wayar hannu fa, ba ita ce ummul haba'isin ba?

Har yanzu masana na ja-in-ja. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka ga alaƙar tana nan amma ƙarama ce ƙwarai. Kuma wa ya fara? Mai damuwa ma kan maƙale wa waya don ya ɓuya. A ganina ƙirga awanni bai kai tambayar me wayar ta ture ba. Idan ƙarfe biyu na dare fuskar yaro na haske ƙarƙashin bargo, barci ta ture.

Yaushe za a nemi likita?

Idan canjin halin yaro ya kai mako biyu: ya daina abin da yake so, cin abinci ko barcinsa ya rikice, karatu ya zube, ko fushi ya yi yawa. In kuwa ya ambaci mutuwa ko aka ga ya ji wa kansa rauni, ranar za a je. Bincike ya nuna tambayar matashi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin.