Saukar sojojin Birtaniya ta ruwa a gaɓar Arakan, 1945

Arakan yanki ne a yammacin ƙasar Bama, shi ake kira Rakhine yanzu. Wuri ne da ruwa da ƙasa suka cakuɗe, tsibirai da ƙoramu da taɓo da kurmi, hanyar mota kuwa sai a hankali. Shi ya sa a farkon 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar Janar Philip Christison ta koma amfani da ƙananan jiragen ruwa masu sauke soja a bakin gaɓa, a zagayo ta bayan sojojin Japan a datse musu hanyar gudu. Babban abin da ake nema ma ba garuruwa ba ne, filayen jirgin sama ne, don daga nan za a riƙa kai abinci da harsasai wa sojojin Janar Slim da suka nufi Mandalay da Rangun.

An fara da tsibirin Akyab ranar 3 ga Janairu, ashe Japanawa sun riga sun fice, aka shiga ba gardama. Sai Myebon ranar 12, tsibirin Ramree ranar 21.

Inda aka sha wuya shi ne Kangaw. Ranar 22 ga Janairu sojojin kwamando suka kutsa ta wata ƙorama cikin kurmi suka sauka a taɓo, suka kama wani ɗan tudu da ake kira Tudu 170, wanda ke kusa da hanyar da Japanawa ke janyewa. Ranar 31 ga wata Japanawa suka yi ta kawo hari akai-akai tun asuba, aka wuni ana gwabzawa gaba da gaba amma tudun bai faɗi ba. A nan Laftana George Knowland ya mutu, daga baya aka ba shi lambar Victoria Cross, lambar yabo mafi girma ta jarumta a sojan Birtaniya.

Su kuwa sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, da yawansu 'yan Najeriya ne har da Hausawa birjik, ta ƙasa suka biyo suna koro Japanawa kudu, su suka kama Myohaung a ƙarshen Janairu. Wannan shi ne yaƙin Bama da tsofaffi ke ba da labari.

Ranar 2 ga Mayu aka sake sauka ta ruwa kusa da Rangun, nan ma aka tarar Japanawa sun bar birnin.