Dashen Itatuwa: Tambayoyin da 'Yan Kwangila Ba Sa Gajiya da Yi

Yaushe ake dashe?

Idan damina ta zauna. A Kano da Katsina, daga Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Abuja kan riga su samun ruwa, don haka can ana farawa da wuri.

Amma ai a Ingila da kaka suke dasawa?

Su a lokacin ƙasarsu na da laima, itace ya zubar da ganye ya huta, saiwa tana kama ƙasa a hankali. Mu hunturu ke biyo bayan kakarmu, sai a yi wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa. Ku daina kwafo jadawalin wasu.

A ina zan sayi dashe?

Inda yanayinsa ya yi kama da wurin aikinka. Furen da ya tashi a sanyin Jos zai wahala a Sakkwato. Ka je da kanka, ka ɗaga leda ka duba: in saiwa ta huda ta shiga ƙasa, ko ta nannaɗe kanta a ciki, ajiye shi. Mangwaro kuma ka nemi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani dashen.

An ba ni aiki a Oktoba, kuma Alhaji yana son ganin kore kafin a buɗe gida. Yaya zan yi?

To, nan ne wahalar. Zai iya yiwuwa, amma ya danganta da ruwa. In akwai rijiyar burtsatse a wurin da wanda zai riƙa ban ruwa, darbejiya da maɗaci za su iya jurewa. In tanka za ka riƙa saye, ka yi lissafi har zuwa Yuni, domin zafin Maris da Afrilu ne ke kashe yawancin dashen rani. Ka faɗaɗa rami, ka zuba takin da ya ruɓe sosai, ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Rufe gindi da busasshiyar ciyawa yana riƙe laima, sai dai a wasu wuraren yana jawo gara, saboda haka kada ta taɓa jikin itacen. Ka yi kariya daga awaki. Duk da haka wasu za su mutu, kada hankalinka ya tashi. Ka sa kuɗin ban ruwa da na maye gurbi a rubuce cikin yarjejeniya tun farko. In Alhaji ya ƙi, ka lallaɓa shi a jira damina.

A cire ledar kafin a dasa?

Haba! A cire mana, amma kada ƙasar ta warwatse.