Me ake nufi da "mai sarrafa kanta" a na'urar gwajin yatsu?

Kwanan nan duk na'urar da aka ambata a rediyo sai an liƙa mata "mai sarrafa kanta", har da wadda ke auna yadda yatsu ke jin taɓi. Da ma kalmar "ji" ta haɗa kunne da fata, wasu har sun ɗauka gwajin kurumta ne. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake bayanin, kamar mutum zai ɗora yatsa ne kawai, na'ura ta leƙa jijiyarsa ta faɗi abin da yake ji. Ba haka abin yake ba.

Gwajin ba sabo ba ne. Tun 1834 Ernst Weber, Bajamushe, ya nuna yadda fata ke bambance tsini biyu: kan yatsa tazarar milimita 2 zuwa 3 ta isa, gadon baya kuwa sai ta kai wajen santimita 4. Yau akwai kuma wani gwajin da ake yi da zaren nailan, mai auna ko an ji taɓi. Likita ya dangwala shi a fata har ya lanƙwashe, ya ce, "Ka ji?" Matsalar tana hannun likitan. Wani ya danna da gaggawa, wani a hankali, wani hannunsa na rawa, majinyaci kuma ya saci kallo.

Wannan hannun kaɗai na'urar ta maye gurbinsa. Yatsa na kan ɗan tsinke mai girgiza, kwamfuta na rage ƙarfin girgizar kaɗan-kaɗan. In mutum ya ji sai ya danna maɓalli, in bai danna ba ta ƙara, har a gano inda jin ke yankewa. Wasu na'urorin ma kan yi shiru da gangan don kama mai dannawa bisa zato. Amma jin na mutum ne, amsar ma tasa ce. Wanda barci ke ɗiba, ko hannunsa ya yi sanyi, sakamakonsa zai karkace. Gwajin da ba a tambayarka komai kuwa daban ne, na tura ɗan lantarki a auna saurin saƙo a jijiya.

Shi ya sa kuskuren ke ci mini rai. Mai ciwon suga, mai kuturta, da ma'aikacin da ya yi shekaru yana riƙe da injin fasa dutse, in ya zauna yana zaton na'ura ta san komai, zai danna yadda ya ga dama, mutuwar yatsan da ya kamata a gano da wuri ta wuce ba a gani ba.