Ɓarnar ruwan sama ga sabon daɓe yayin faɗaɗa gida

Ɓarnar ruwan sama ga sabon daɓe ita ce lalacewar da ke samun ƙasan ɗaki, na siminti ko na katako ko na tayil, idan ruwa ya shiga kafin a gama rufe gini. Ana yawan ganinta lokacin faɗaɗa gida, domin a nan ne ake yaye wani sashe na tsohon rufi, a fasa bango don fitar da ƙofa, tagogi kuma su daɗe ba a kafa su ba. Mahaɗar tsohon gini da sabo ita ce inda ruwa ya fi samun hanya.

Kankare da daɓen siminti

Ba bushewa ce ke sa siminti ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce take daskarar da shi. Saboda haka abin dubawa shi ne lokacin da ruwan ya sauka. Idan ya sauka a awannin farko, kankare na ɗanye, sai ya wanke simintin da ke sama ya bar yashi, daga baya fuskar daɓen ta riƙa gari tana ɓarewa. Wasu magina kan shafe ruwan da ya kwanta su cusa shi cikin kankaren, ko su barbaɗa busasshen siminti a kai. Duka biyun ƙara raunana fuskar suke yi. Abin da ya dace shi ne a janye ruwan a rufe da leda. Da zarar kankare ya kama, ruwan sama ba ya cutar da shi, ban-ruwa ma yake buƙata, kuma a kwana 28 ake auna ƙarfinsa.

Sai dai ƙarfi daban, bushewa daban, kuma a nan yawancin asarar take ɓuya. Daɓen siminti da yashi yana bushewa ne kimanin milimita 1 a rana idan kaurinsa bai wuce milimita 40 ba, wanda ya fi haka kauri kuma ya fi jinkiri. Ruwan da ya kwana a kansa yana mayar da lissafin baya. Fuska za ta yi fari kamar ta bushe, alhali ciki na cike da laima. Idan aka shimfiɗa katako ko ledar ƙasa a kai, laimar ba ta da mafita, sai ta saki gam, ta tayar da shimfiɗar bayan makonni ko watanni, lokacin da an riga an shigar da kaya.

Katako

Katako na kumbura ta faɗinsa, ta tsawonsa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Wanda ake shimfiɗawa a ɗaki galibi laimarsa tana tsakanin kashi 6 zuwa 9 cikin 100. Idan ƙasansa ya fi samansa jiƙa, gefunan kowane falanki sukan ɗago, tsakiya ta lotsa. Katako na asali yana iya komawa daidai idan aka bar shi ya bushe a hankali, shi ya sa goge shi da inji tun yana jiƙe kuskure ne babba: idan ya bushe tsakiyar ce za ta yi tozo. Allunan da aka matsa da garin katako kuwa, in sun kumbura ba sa komawa, sai dai a canza su. Filawud, wato allon da aka yi da siraran katako da aka manna bisa juna, ya fi su jure jiƙa na ɗan lokaci.

Fumfuna na iya fara tsiro cikin awa 24 zuwa 48 a wuri mai danshi, katakon da laimarsa ta daɗe sama da kashi 20 cikin 100 kuma yana fuskantar ruɓewa.

Tayil shi kansa ba ya jin ruwa sosai. Abin da ke lalacewa shi ne simintin da ya riƙe shi idan bai kama ba, sai a ji tayil na ƙarar holoƙo in an ƙwanƙwasa.

Gwaji da kariya

Hanya mafi sauƙi ta gane laima ita ce a manna leda mai faɗin santimita 45 a kowane gefe a kan daɓen, a liƙe bakinta, a bar ta aƙalla awa 16. Idan raɓa ta taru a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, bai bushe ba. Rashin raɓa ba tabbaci ba ne, na'urar auna laima ta fi gaskiya.

Asalin kariyar tana cikin jerin aiki: rufi, tagogi, ƙofofi da indararo su riga shimfiɗar ƙarshe. Inda dole a bar rufi a buɗe, a ɗaure tamfol da gangare yadda ruwa zai zuba waje, domin tamfol da aka shimfiɗa a kwance tara ruwa yake yi ya juye shi wuri ɗaya. Wanda zai ɗauki asara, mai gida ko ɗan kwangila, ya danganta da yarjejeniyarsu da sharuɗɗan inshora, don haka ya kamata a rubuta wannan tun kafin a cire kwano na farko, a kuma ɗauki hoton ɓarnar kafin a taɓa komai.