Ƙuri'ar wucin gadi da rigimar cancanta a rumfar zaɓe

Ƙuri'ar wucin gadi ita ce wadda ake ba mutum ya dangwala ranar zaɓe alhali akwai shakku kan cancantar shi, ko ba a ga sunan shi cikin rajista ba, ko wani ya ƙalubalance shi. Ba a jefa ta akwati, ambulan ake sa ta a aje gefe, sai an bincika an ga lalle ya cancanta sannan a ƙirga.

A Amurka tsarin ya fi kafuwa. Bayan rigimar zaɓen shugaban ƙasa na 2000, inda George W. Bush ya ci jihar Florida da ratar ƙuri'a 537 kacal kan Al Gore, kuma mutane da dama sunka koka cewa an maida su gida don babu sunan su, majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar gyaran zaɓe da ake kira HAVA a 2002. Dokar ta ce duk wanda ya sa hannu a takarda cewa shi ya yi rajista kuma ya cancanta to a ba shi ƙuri'ar wucin gadi, kuma a tanadar mai lambar waya ta kyauta ko shafin intanet da zai duba daga baya ya ga an ƙirga tashi ko ba a ƙirga ba, da dalili.

Nan Najeriya abin ya sha bamban. INEC dai sharuɗɗan ta a fili suke, shekara 18, ɗan ƙasa, sunanka na cikin rajistar wannan rumfar, ga katin zaɓe a hannu. A 2015 da anka kawo kadrida, na'urar karanta katin zaɓe da yatsa, in ta ƙi karanta yatsa akan cike wani fom na rahoton matsala a bar mutum ya yi zaɓe, wanda a gaskiya nan ne ƙofar maguɗi ta buɗe don ana iya cike fom ɗin da sunan wanda ma bai fito daga gida ba. Da BVAS, sabuwar na'urar tantance masu zaɓe, ta zo a 2021 sai anka rufe wannan ƙofa, yanzu yatsa ko fuska, in duka biyun sun ƙi to malamin zaɓe zai ba ka haƙuri ka fita layi, shikenan. Abin da ya ɗan yi kama da na Amurka guda ne, dokar zaɓe ta 2022 ta ce in ka zo ka tarar wani ya riga ya yi zaɓe da sunanka, a ba ka takarda mai launi daban, a rubuta sunanka da lambarka, a aje ta cikin ƙunshi na musamman ba akwati ba.

Dalilin tsananin kuwa aringizo ne. In ƙuri'un akwati sun wuce adadin waɗanda BVAS ta tantance, soke rumfar ake yi baki ɗaya, shi ya sa ɗan bautar ƙasa da ke riƙe da rumfa ko tsohuwa ce sa'ar kakar shi ta zo tana roƙo ba ya iya ɗaga mata ƙafa, ga ejan-ejan na jam'iyyu tsaye a kan shi, tausayin mutum ɗaya na iya jawo asarar ƙuri'un unguwa guda. Mutanen Kebbi sun ga haka a zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, soke-soken rumfuna ya sa anka ce bai kammala ba, sai 15 ga Afrilu anka ƙarasa Nasir Idris ya ci.

Inda abin ke da ciwo shi ne Zamfara. Mutumin da 'yan bindiga sunka kora daga ƙauyen shi a Maru ko Zurmi, ya baro gida cikin dare da rigar jikin shi, kati ya ƙone ko ya ɓata, yana zaune Gusau alhali rumfar shi na can daji, wallahi wannan ya cancanta ta kowace fuska amma tsarin bai da takardar da za a ba shi ya dangwala a aje a bincika daga baya. INEC na da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015, sai dai shi ma kati yake nema. Don haka gyaran duk kafin ranar zaɓe ake yin shi, lokacin rajista a nemi sabon kati ko canjin rumfa, kuma in an kafe sunaye mutum ya je da kan shi ya duba nashi ya fito daidai.